Yaron da ake jifa da shi: labarin Keaton Uku a dandamalin bodabil

A bayan rigar yaron, daidai tsakanin kafaɗunsa, an ɗinke mariƙi irin na akwatin tafiya. Da shi uban ke kama shi. Sai ya ɗaga shi sama kamar buhun da ba komai a ciki, ya wulwula, ya saki. Yaro ya tafi a iska ya daki labulen bango, wata rana ya faɗa ramin da makaɗa ke zama a gaban dandamali, wata rana ya ɓace ta gefe sai dai a jiyo ƙarar faɗuwarsa can bayan fage. Gida ya yi tsit na ɗan lokaci. Can sai ga shi ya dawo yana takawa a hankali, fuska a ɗaure, ba kuka ba dariya, ya tsaya gaban uban yana kallonsa. A nan 'yan kallo ke ɓarkewa da dariya. Uwar kuwa tana gefe tana busa sakzafon ɗinta, kamar ba a gabanta ake yi ba.

Wannan shi ne wasan Keaton Uku: Joe, da matarsa Myra, da ɗansu Joseph wanda duniya ta sani da Buster. Kusan shekara 17 suka yi suna ci da wannan sana'a a gidajen wasan Amurka, daga 1900 zuwa farkon 1917. Yau in aka ambaci Buster Keaton, finafinan barkwanci na zamanin da fim bai fara magana ba ake tunawa, amma duk faɗuwar da aka ga ya yi a majigi a hannun ubansa ya koye ta, da mariƙi a bayansa. Mutane kan so a yanke wa Joe hukunci da kalma ɗaya, mugu ko gwani. Ni a ganina hukuncin bai kai tsarin sana'ar kansa muhimmanci ba, don an gina ta a kan abu biyu da ba sa tsayawa wuri ɗaya: ƙanƙantar yaro da ƙarfin uba. Tun ranar da aka fara, kowace safiya ɗayan na ƙaruwa da nauyi, ɗayan na raguwa da ƙarfi.

Amurkawa na kiran wannan harka vaudeville, kalmar da suka aro daga Faransanci. Mu ce bodabil. Tarin wasanni ne daban-daban a zama ɗaya, takwas ko tara, kowanne minti 10 zuwa 20, babu labarin da ya haɗa su: mai waƙa, mai rawa, mai dabo, mai wasa da karnuka, 'yan alkafura, 'yan barkwanci. Kafin shekarun 1880 irin wannan wasa a mashaya aka fi yinsa, maza zalla, ga hayaƙin taba ga batsa. Wani mai gidan wasa a New York, Tony Pastor, shi ya lura cewa rabin kasuwar na zaune a gida. A 1881 ya fara shirya wasan da magidanci zai zo da matarsa da 'ya'yansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. B. F. Keith da abokin harkarsa Edward Albee, a birnin Boston, suka ɗauki dabarar suka mai da ita masana'anta. Tun 1885 suka fito da wasan da ba ya tsayawa daga hantsi har dare, ka biya ka shiga sa'ad da ka ga dama, ka fita sa'ad da ka ƙoshi. A bayan fage suka manna takarda ta jera kalmomin da in ɗan wasa ya furta za a sallame shi nan take. 'Yan wasa har ba'a suke yi, suna kiran gidajen Keith makarantar Lahadi.

Jerin wasannin ma ba a banza ake tsara shi ba. Na farko a kan ba wanda ba ya buƙatar a ji muryarsa, mai dabbobi ko mai jefe-jefen ƙwallaye, don lokacin mutane na shigowa suna neman kujera. Gurbin da kowa ke mafarki shi ne na kusa da ƙarshe, nan tauraro ke fitowa. Na ƙarshe kuwa ana yinsa ne mutane na ɗaukar hulunansu. Gidajen ma hawa-hawa ne: manya suna wasa sau biyu a rana, kuɗi mai kauri, ƙanana sau uku, huɗu, har biyar, kuɗi kaɗan. A 1906 Keith da Albee suka kafa babban ofishin raba aiki da ya mamaye gabashin ƙasar, yamma kuma tana hannun gidajen Orpheum ƙarƙashin Martin Beck. Duk wanda ofishin ya ba aiki ana cire masa la'ada kashi 5 cikin ɗari, dillalinsa ma ya ciri tasa. Wanda ya saɓa wa waɗannan mutane, ko ya je ya yi wasa a gidan abokin hamayyarsu, sai ya wayi gari kowace ƙofa a rufe. Ƙungiyar 'yan wasa da aka kafa a 1900, White Rats, ta gwada yajin aiki, na ƙarshe a 1916 zuwa 1917, aka murƙushe ta.

Sai an riƙe wannan tsari a zuciya kafin a gane dalilin da ya sa iyalai suka cika dandamali. Mai gida wasan yake biya, bai damu da yawan kawunan da ke cikinsa ba. Daga wannan kuɗin za a sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa gari na gaba, a biya kuɗin akwatuna, da ɗakin kwana, da abinci, da tufafin wasa, a kuma ajiye na bazara, lokacin da zafi ke sa yawancin gidaje su rufe. In abokai biyu ne, rabawa za a yi, kuma kullum kana fargabar wani ya janye maka abokin. In kuwa mata da miji ne da ɗansu, aljihu ɗaya ne, tukunya ɗaya, ɗaki ɗaya, kuma yaro ɗan shekara shida ba ya cewa a ƙara masa albashi, ba ya tafiya wani wasan. Ga kuma riba ta biyu: gidan da ke tallar tsabta da kunya ba shi da allon talla da ya fi uwa da uba da ɗansu a tsaye a dandamali. Ƙari a kan haka, iyayen da rayuwarsu ke kan titin jirgi mako arba'in a shekara ba su da inda za su bar yaro. Ko ya zauna a bayan fage yana ɓarna, ko ya fito gaba ya kawo kuɗi.

Shi ya sa sunayen da suka fito daga bodabil da yawansu na gida ɗaya ne. Akwai Cohan Huɗu, uba Jerry da uwa Nellie da 'ya'yansu Josie da George, wanda daga baya ya zama babban mai shirya wasannin waƙa a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York. Akwai Eddie Foy da ya jera 'ya'yansa bakwai a dandamali. 'Yan'uwan Marx uwarsu Minnie ce ta tura su, ita ce manajarsu, ɗan'uwanta Al Shean kuwa tsohon hannu ne a harkar. Fred Astaire da yayarsa Adele tun suna ƙanana suka fara. Baƙaƙen fata, waɗanda wariya ta tura yawancinsu zuwa nasu jerin gidajen daban, suna da 'yan matan gidan Whitman, 'ya'yan wani limamin coci, da babbarsu Mabel ke riƙe da ragamar kamfani a zamanin da ba a saba ganin mace, balle baƙa, tana ciniki da masu gidajen wasa ba. Dukansu waƙa da rawa da raha suka sa a gaba. Keaton ne suka zo da duka.

Joe Keaton mutumin Indiana ne, an haife shi a 1867, dogo mai tsalle, mai bakin magana. Ya faɗa harkar ne ta hanyar 'yan tallar magani masu yawo ƙauye-ƙauye da tanti. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa ya ga mai magani ya tara jama'a da kiɗa da raha kafin ya kwance ƙullinsa, ya san yadda abin yake. A irin wannan ayari ya haɗu da Myra Cutler, 'yar mai ayarin, ƙaramar mace mai iya busa da kiɗa. Suka yi aure a 1894 ba da son ran ubanta ba. Ranar 4 ga Oktoba 1895 ayari ya yada zango a wani ƙauye mai suna Piqua a jihar Kansas, a nan ta haihu. Wasan da miji da mata ke yi a lokacin bai taka kara ya karya ba: Joe na tsalle-tsalle da alkafura a kan tebur da ƙarƙashinsa, har ake kiransa mutumin tebur, Myra na busa. Suka isa New York a ƙarshen ƙarnin suna fama da yunwa.

Yaron ne ya fitar da su. Tun yana rarrafe yake kutsowa dandamali, kuma zuwa 1900, yana ɗan shekara biyar, a garin Wilmington na jihar Delaware, ya zama cikakken ɗan wasa. Aka yi masa shiga iri ɗaya sak da ta uban: hular gashi mai sanƙo, jan saje, ƙaton wando da manyan takalma, wato kamannin da ake yi wa ɗan ci-ranin Ayalan ba'a da su. Bodabil, duk da tsabtar bakin da yake taƙama da ita, abincinsa ke nan: kwaikwayon Bayahude, da Bajamushe, da Ba'italiye, da Turawan da ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata. Jigon wasan Keaton kuwa ba shi da wuya. Uba ya fito zai yi wa jama'a lacca kan yadda ake tarbiyyar yaro. Yaro na bayansa yana kwaikwayonsa, yana katse shi, yana maka masa tsintsiya. Uba ya fusata ya juyo, daga nan sai jifa da shuri da goge dandamali da jikin yaron, har aka yi wa Buster laƙabi da tsumman goge ƙasa. Ana tallarsa da cewa shi ne yaron da ba ya lalacewa.

Wanda ya ji wannan zai zaci hauka ce kawai, alhali lissafi ne mai tsanani. Buster ya sha bayyana cewa sirrin faɗuwa shi ne mutum ya saki jiki gaba ɗaya, ya tare ƙasa da hannu ko da ƙafa, kada ya bari ƙashin baya ko ƙeya su fara sauka. Ya ce da yake tun yana ƙarami ya fara, abin ya zame masa jiki kamar kyanwa. Mai jifa ma da nasa aikin: ya san nauyin da ke hannunsa, ya san nisan bango, ya saki a daidai ƙiftawar da yaron ke jira. Wasan ba a rubuce yake ba, kusan kullum sai sun canja wani abu, don haka kowane ɗayansu na karanta jikin ɗayan. Fuskar nan da ba ta motsi, wadda ta zama tambarinsa har ya mutu, ita ma a nan aka ƙera ta. Ya lura cewa in ya tashi daga faɗuwa yana murmushi, dariyar gida na raguwa. In ya tashi kamar abin ya ɗaure masa kai, sai ta ninka. Uban ya ga haka ya mai da ita doka. Ka tsaya ka duba abin da wannan ke nufi: yaro ɗan shekara shida an koya masa cewa abincin gidansu ya dogara a kan kada fuskarsa ta nuna abin da yake ji.

Joe kuma gwanin shara ta ne, kuma ya san jarida na son labari. Shi ya yaɗa cewa guguwa ta taɓa ɗauke yaron ta taga ta dire shi a titi lafiya lau. Labarin da ya fi yawo shi ne cewa Harry Houdini, shahararren mai dabon nan, shi ya raɗa masa suna Buster bayan ya ga ya gangaro daga bene bai yi kuka ba. Iyalan biyu sun san juna tun zamanin tallar magani, amma masu bin diddigin tarihin sun fi karkata ga cewa wani ɗan wasa ne daban ya faɗi kalmar, sunan Houdini ya fi sayuwa ne kawai. Jita-jitar cewa Buster ba yaro ba ne, wada ne babba aka yi wa shigar yara, ita ma Joe bai wahalar da kansa wajen ƙaryata ta ba. Tana da amfani, don akwai masu bibiyarsu.

Masu bibiyar su ne jami'an ƙungiyar hana zaluntar yara ta New York, wadda 'yan wasa ke kira ƙungiyar Gerry, da sunan lauyan da ya jagorance ta, Elbridge Gerry. An kafa ta ne a tsakiyar shekarun 1870, bayan shari'ar wata yarinya, Mary Ellen, da masu riƙonta suka azabtar. (Abin lura, ƙungiyar kare dabbobi ta riga ta da kusan shekara tara a birnin, kuma mutanenta ne suka taimaka aka kafa ta yaran.) Dokar jihar ta hana yaro ƙasa da shekara 16 yin waƙa, rawa, tafiya kan igiya ko alkafura don kuɗi, kuma Gerry ya ɗauki dandamali a matsayin wurin lalata yara, jiki da tarbiyya. Keaton suka zama abokan dabinsa na shekaru. Dabarar lauyoyinsu, kamar yadda Buster ya riƙa ba da labari yana dariya, ita ce dokar ta lissafa abubuwan da yaro ba zai yi ba, amma ba ta ce kada a yi jifa da shi ba; shi ba ya alkafura, jefa shi ake yi. A cewarsa an sha kai shi gaban hukuma a tuɓe shi a nemi tabo ko kumburi, ba a samu ba. Duk da haka a 1907 aka kama su da laifi, aka hana su wasa a New York kusan shekara biyu, wanda ga ɗan bodabil kamar a hana ɗan kasuwa shiga babbar kasuwa ne.

Wa ke da gaskiya? Buster har ƙarshen rayuwarsa yana kare ubansa. Ya ce bai taɓa ɗaukar abin a matsayin duka ba, aiki ne, kuma yana jin daɗinsa. Ya ce a waje da dandamali uban ba mai dukan yara ba ne. Yana kuma da hujja mai nauyi a kan masu tsoron a ɓata shi: ƙidayar 1900 ta nuna yara kimanin miliyan 1.75 'yan shekara 10 zuwa 15 suna aikin neman kuɗi a Amurka, a gonaki, da masaƙu, da ramukan kwal, da tituna. Yaron da ke aikin minti ashirin sau biyu a rana, yana cin mai kyau, yana kwana kusa da uwarsa, don me shi za a sa wa ido? Amsar da ba a cika faɗa ba ita ce shi ake gani. Yaron masaƙa yana bayan katanga, na dandamali kuwa yana gaban masu hannu da shuni da suka sayi tikiti.

Sai dai shaidar Buster shaidar wanda bai san wata rayuwa ba ce. Makaranta, a labarin da shi kansa ya bayar, kwana ɗaya ya yi a cikinta aka sallamo shi saboda ya mai da aji dandamali. Uwarsa ce ta koya masa karatu da rubutu a jirgi da ɗakunan haya. Shi ne kuma ya ba da labarin ranar da ƙafar uban ta kuskure ta same shi a kai ya suma na awoyi masu yawa, da ranar da wasu ɗalibai suka dame su da ihu a New Haven, Joe ya ɗauki ɗan nasa ya jefe su da shi. Yana ba da waɗannan labarai ne a matsayin abin dariya, kuma da dariya ake saurarensu. Amma uban da ya fusata ya rasa abin jifa sai ɗansa, a wannan daƙiƙar ba lissafin sana'a yake yi ba. Ina ganin Gerry ya yi kuskure da ya ɗauka duk yaron dandamali abin tausayi ne, kuma ya yi daidai da ya ƙi yarda cewa amincin yaro ya rataya a kan natsuwar mutum ɗaya kowane dare. Turawan Ingila ma abin bai kwanta musu ba. Da Keaton suka je gidan Palace na Landan a 1909, 'yan kallo suka yi jugum, mai gidan, Alfred Butt, ya tambayi Joe ko yaron nasa ne na cikinsa ko ɗan riƙo ne, don a tunaninsa ba mai yi wa ɗan cikinsa haka. Joe ya tattara iyalinsa suka hau jirgin ruwa suka koma gida.

Duk da haka, shekarun nan su ne na jin daɗi. Sun yi suna, suna wasa a manyan gidaje, an ƙara musu ƙanne biyu, Harry a 1904 da Louise a 1906, waɗanda su ma aka ɗan leƙa da su dandamali kafin a kai su makaranta. Joe na cikin waɗanda suka kafa unguwar 'yan wasa a bakin tafki a Muskegon ta jihar Michigan a 1908, inda suke hutun bazara. Nan ne kaɗai wurin da Buster ke kira gida: kamun kifi, ƙwallon gora, da ƙere-ƙeren na'urorin tsokana da yake haɗawa da igiya da katako.

Amma lissafin nan na farko yana nan yana aiki. Yaron da ake ɗagawa da hannu ɗaya ya zama saurayi mai ƙwanji. Wasan ya sauya kama, daga uba mai horon ɗa ya koma maza biyu masu musayar duka da tsintsiya, kuma sunan da jaridu ke yabo na ɗan ne. Joe ya doshi hamsin, gwiwa ta fara magana, ya kuma riƙi kwalba. A wasan waƙa, mashayi zai iya shaƙe murya a wuce. A wasan da kuskuren ƙiftawar ido ke karya wuya, giya ta mai da kowane dare caca. Fushin da dā na wasa ne ya fara zama na gaske. Ga kuma tsohuwar gaba tsakaninsa da Martin Beck, mutumin da ba a faɗa da shi a zauna lafiya. Bayan ta fashe, sai Keaton Uku suka tsinci kansu a gidajen da ake wasa sau uku a rana. Ka ɗauki wasa irin nasu ka ce a yi shi sau uku kullum, da uba mai maye. A farkon 1917, suna can yammacin ƙasar, Buster da uwarsa suka yanke shawara, suka hau jirgi suka bar Joe. Buster na da shekara 21.

Ya isa New York ya samu gurbi a wani babban wasan Broadway na 'yan'uwan Shubert, dala 250 a mako. Kafin a fara, wani tsohon abokin sana'a ya ja shi zuwa ɗakin ɗaukar fim inda shahararren ɗan barkwancin fim Roscoe Arbuckle ke aiki. Aka ce ya gwada. Aka maka masa buhun fulawa a fuska, ya yi faɗuwar da ya shekara 17 yana yi, aka ɗauka a karo ɗaya. Ya ce a ba shi kyamarar ya duba cikinta. Ya ajiye dala 250 ya karɓi 40. Abin dariyar shi ne, shekaru kaɗan kafin nan, an taɓa yi wa iyalin tayin fitowa a fim, Joe ya yi fatali da shi, don a ganinsa ƙasƙanci ne ɗan wasan da ya yi shekaru yana gina sunansa a haska shi a kan zanin gado a kan sulai.

Raini irin na Joe ya yi yawa a harkar, kuma majigin da suke rainawa shi ya cinye su. Da farko fim ɗaya ne daga cikin wasannin jeri, sau da yawa ma na ƙarshe. Sannu a hankali ya zama shi ne babba, 'yan wasa suka koma share fage. Mai gida ya gane cewa gwangwanin fim ba ya neman tikitin jirgi na mutum biyar, ba ya maye, ba ya yajin aiki. Rediyo ya zo ya zaunar da mutane a gida, fim mai magana ya zo a 1927, a 1928 gidajen Keith da Orpheum suka narke cikin kamfanin fim na RKO, tattalin arziki ya rushe a 1929. Gidan Palace na New York, wanda Beck ya gina aka buɗe a 1913, wanda kowane ɗan bodabil ke burin takawa, ya koma gidan sinima a 1932. Fim da rediyo sun kuma kashe wani abu da ya riƙe iyalai irin na Keaton: dā wasa ɗaya na minti 15 zai ciyar da gida shekara goma, don kafin ka zagayo gari an yi marmarinka. Yanzu ƙasa gaba ɗaya na ganinsa a mako guda, gobe a ce kawo sabo.

Doka ma ba ta warware matsalar yaran ba, ta dai bi su zuwa sabon gida. Babbar dokar ƙwadago ta 1938 da ta hana aikin yara a Amurka ta ware yara 'yan wasa ta bar su. Sai da Jackie Coogan, wanda ya yi tashe a fim tun yana yaro, shi ma ɗan 'yan bodabil, ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye dukiyar da ya tara yana yaro, sannan jihar Kalifoniya ta yi dokar 1939 da ta ce a riƙa ajiye wa yaro wani kaso na kuɗinsa.

Shi kuwa Buster, abin da ya ɗauko daga hannun uban ya kai shi inda uban bai taɓa hange ba, ya kuma biyo shi da kuɗinsa. A wani fim na 1924 ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi a kan titin jirgi, ya tashi ya ci gaba da gudu, sai bayan shekaru likita ya ga a hoton ƙashi cewa wuyansa ya taɓa karyewa. A 1928 ya tsaya cak aka sako masa bangon gida mai nauyin kusan tan biyu, ya tsira ta cikin tagar bangon da tazarar 'yan inci, fuskar nan ba ta motsa ba. A shekarar ce ya rasa 'yancin shirya finafinansa ya koma ƙarƙashin kamfanin fim na MGM, kuma kafin 1933 kwalbar da ta rusa Keaton Uku ta kama shi shi ma, aka sallame shi. Ya farfaɗo daga baya, ya yi wasa a dandamalin Paris da talabijin, aka ba shi lambar girmamawa ta Oscar a 1960, ya rasu ranar 1 ga Fabrairu 1966.

Bai taɓa yar da iyalin ba. Ya kwaso su zuwa Kalifoniya, kuma shi ya riƙa ɗaukar nauyin uwa da ƙanne shekara da shekaru. Joe, wanda ya rantse ba zai tsaya gaban kyamara ba, ya fito a finafinan ɗansa da dama kafin ya rasu a 1946. A fim ɗin Our Hospitality na 1923 an sake haɗa wasan gida: matar Buster, Natalie Talmadge, ita ce budurwar labarin, jaririn da aka nuna a farko ɗansu ne na cikinsu, direban tsohon jirgin ƙasan kuwa Joe ne. Wanda ke tsaye bayan kyamara yana cewa a sake, kuma yake biyan tsohon albashi a ƙarshen mako, shi ne mai mariƙi a baya.